Kaɗanyar da Ba Kowa a Gindinta

Yazeed mai zana hotunan daji ya kafe babur a ƙofar gidan su Jalila a unguwar Vittin, ya warware zanen da ya kawo mata na neman aure. Kaɗanya ce ita kaɗai, sai ciyawa iyakar ganin ido.

Jalila ta daɗe tana kallo.

"Asabar uku na wuni a gindin bishiyar nan, ƙudan tsando na cizona, kana zane. Ina nake?"

Ya kawar da ido. "Na sa ki, na goge. Wurin ya fi kyau ba kowa."

Ta naɗe zanen a hankali, ta ɗora masa a hannu.

"Gaskiyarka. Gidanka ma haka zai fi kyau."

Ta shige, ta sa sakata.