Haƙorin Auta

Likitan ya kunna fitilar da ke saman kujera, ya ɗaga leɓen Auta da yatsa, ya ce, "Wannan ai ba wani abu ba ne. Ɗan gefen haƙorin ne ya ɓalle."

Ya zayyano musu hanyoyin gyara. Ana iya goge bakin haƙorin ya yi santsi, sai dai zai ɗan fi ɗan'uwansa gajarta. Ana iya cike wurin da wani farin abu, a busar da shi da haske. Ana iya manna masa siririn ɓawo ta gaba, ko a fere shi a sa masa hula gaba ɗaya, amma wannan ɓarna ce ga lafiyayyen haƙori. "Ko kuma a ƙyale shi," in ji likita, "tunda ba ya ciwo."

Auta har ya fara neman takalminsa da ƙafa. Sai Yaya, wadda ta kawo shi, ta dafa masa kafaɗa.

"Likita, wanne ne ba zai bar alama ba ko kaɗan?"

"Ciko, in an dace da launi."

"To, shi za a yi."

Auta ya koma ya kwanta yana duban agogo. Shi haƙori bai dame shi ba. Abin da ya dame shi kada lokacin abincin Mama ya wuce yana nan baki buɗe.

Tun da ciwon mantuwa ya kama mahaifiyarsu, mutane suka yi ta zubewa daga kanta ɗaya bayan ɗaya. Ta manta jikoki, ta manta maƙwabta, ta manta mijin da ta binne. Yaya ma da ta bar aikinta ta dawo gidan, ita ce wanka, ita ce wankin zanen gado, ita ce kwasar abin da ba a faɗa, Mama "baiwar Allah" take ce mata. Ran da abin ya motsa kuwa, ɓarauniya.

Auta kaɗai ya rage. Da ya shigo ɗakin ya washe baki ya ce, "Mama, na zo," sai idonta ya kawo haske, ta miƙo hannu ta shafa fuskarsa, ta ce, "Autana." Cokalin da Yaya ta yi ta magiya aka ture, daga hannunsa sai a karɓa har a siɗe. Sau ɗaya ne kawai ta kau da kai, ran da ya zo da mura ya rufe hanci da baki da takunkumi. Wannan kuwa kowa ya san mara lafiya yana da ranakunsa.

Kuma Auta, Allah Ya shirye shi, ba ya iya cin daɗi ya yi shiru. Zai zo da ledar lemo, ya zauna ɗan lokaci, ya fito yana goge hannu, ya tarar da Yaya durƙushe a kan bahon wanki, ya ce, "Yaya, kada ki ji haushi, farin jini ne. Ba a koyonsa." Ita ma sai ta yi dariya. A ƙarƙashin wannan iyayin, tsoro ne fal cikinsa, domin ba abin da yake gudu a duniya kamar ranar da Mama za ta dube shi yadda take duban sauran.

Maganar haƙorin Yaya ce ta tayar. Yana ƙarami ya faɗi a bakin matakala haƙorin ya ɓalle, ita aka bar wa shi, ita ta sha dukan, Mama kuma ta goya shi zuwa asibiti tana kuka. "A hannuna ya ɓalle," ta ce masa, "bari in gyara abina in huta. Babban mutum da kai, kana yawo da haƙorin ɗan firamare." Ita ta nemo likitan, ita ta sa ranar. Kirkin nan nata har kunya ya ba shi.

Aikin bai daɗe ba. Likita ya gwada launuka, Yaya ta sunkuyo tana cewa wannan ya yi fari, wancan ya yi duhu, har aka dace. Da aka miƙa wa Auta madubi, shi kansa ya rasa wanne ne aka gyara. Ya yi ta zagaya wurin da harshe, sumul.

 Suna isa gida Yaya ta zuba abincin da kanta, ta sa masa kwanon a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, na zo!"

Ya washe baki iyakar ƙarfinsa. Mama ta ɗago. Ta dubi bakinsa, ta daɗe tana duba, sannan ta ja zane ta rufe ƙirjinta ta matsa jikin bango.

"Mama, ni ne. Auta ne."

Ya matso da cokali. Ta buge hannunsa, kwanon ya kife a kan gwiwarsa. "Baiwar Allah!" ta ƙwala kira. "Wa ya bar ƙato ya shigo mini ɗaki? Fitar da shi! Ɗana yana nan zuwa, zai yi maganinku!"

Ya kira ta, ya sake kira, ya durƙusa yana rantsuwa. Ta juya fuska bango tana kuka tana kiran Autanta. Zuciyarsa ta karye, ya fito abinci na ɗiga daga wandonsa.

"Yaya," ya ce, "ba ta gane ni ba. Me ya same ta tsakanin jiya da yau?"

Yaya ta karɓi cokalin daga hannunsa, ta goge shi da gefen zanenta a hankali. Rabon da ya ga fuskarta a sake haka har ya manta.

"Ba abin da ya same ta," ta ce. "Dama ba kai take ganewa ba, ɓallin haƙorin nan ne. Ka ɗauka don kyau na kai ka?"