Ina Ɗaya Idon Inna Rabi?

Wautata ta girmi furfurata. Tun ina yaro bakina ke riga hankalina tashi.

Kawuna mai fentin motoci ne a tashar Matameye. Wata la'asar na tarar da shi a tsakar gida ya zana matarsa, Inna Rabi, a jikin katako: fuska shuɗiya, wuya kamar na zalɓe, ido ƙwaya ɗaya tak. Har yau ina jin warin fentin nan.

Na fashe da dariya. "Kawu, fenti ne ya ƙare? Ina ɗaya idon?"

Ya ce, "Tun da na auro ta kunya take sa ta kawar da kai in na shigo. Abin da ta ba ni na zana."

Inna Rabi ta ajiye tankaɗe, ta daɗe tana kallon katakon. Sai ta ja kunnena.

Yanzu da na tsufa, na kasa tuna fuskarta sai wannan shuɗiyar.

Abin da ta ce shi ne, "Kai da nake kallo da ido biyu kullum, me ka taɓa gani?"