Taswirar da Malami Ya Bari

Akwati na huɗu Sambo ya zazzage a tsakar gida, bai samu komai ba sai tsohon kalanda da ƙwayayen ƙadangare.

Wani manomi, Dogo, ya shuka gero a kan burtalin da shanun su Sambo ke bi zuwa tafki. Maigari ya ce ranar Alhamis Sambo ya kawo shaida cewa hanyar shanu ce tun asali, in ba haka ba gona ta zauna, shanu su nemi ruwa can wajen Kebbe.

Marigayi Malami, mahaifin Sambo, ya sha faɗa cewa da hannunsa ya zana taswirar burtalin, tana nan cikin gida. Sambo kuwa ya yi sakandare a Tambuwal, ya san yadda taswira take: takarda ce, da kibiya mai nuna arewa. Bai tsaya tuna cewa tsohon bai taɓa riƙe biro ba. Mahaifiyarsa Inna Batula ma bai tambaye ta ba, wai maganar maza ce. Ta bar shi da ƙurarsa, ta ci gaba da dama fura a tsohuwar ƙwaryarta mai zane, wadda gyartai ya ɗinke sau biyu. Kwanon silba da ya sayo mata don ta daina ba shi kunya, kaji ke shan ruwa a ciki.

Ranar Alhamis ya isa ƙofar maigari hannu rabbana.

"Ina takardag ga taka?" in ji Dogo, yana washe haƙora. "Ni dai nika jira."

Maigari ya gyara murya zai yanke hukunci, sai ga Inna Batula da sallama, ta dire fura gaban Dogo a tsohuwar ƙwaryar nan tata.

"Sha, ɗana, rana ta yi."

Dogo ba ya wasa da fura. Ya ture ludayi, ya kafa kai, ya yi ta ɗaga ƙwarya har fuskarsa ta ɓace.

Maigari ya gyara tabarau. A gindin ƙwaryar da Dogo ya ɗaga wa jama'a da hannu biyu, ga tafki, ga kukoki uku, ga burtali ya ratsa tsakiyar gonarsa, da shanu a jere.