Baƙuwa Daga Birnin Tsallake

Da tsohuwa ta ji garin da baƙuwar ta fito, sai ta tare ƙofa.

"Inna, birninmu da nasu sun ƙulla zumunci," in ji jikarta. "Mawaƙiya ce, mu aka ba saukarta."

"Zumunci? Da waɗanda suka kashe mini ɗa a yaƙi?"

Baƙuwar ba ta jin harshensu. Ta hango hoton soja a bango, ta daɗe tana kallo, sannan ta ciro wani daga jakarta. Saurayi ne cikin kakin ɗaya ɓangaren, hoton duk ya koɗe don yawan shafa.

Tsohuwa ta karɓa da hannu biyu. Yaron ko gemu bai fara ba.

"Ke, kawo ƙusa," ta ce wa jikarta. "Akwai wuri kusa da babanki."