Zalɓen da Tabawa Ke Jira

Bisa sabuwar doka, duk fadamar da aka kasa ɗauko hoton tsuntsun ruwa mai rai a cikinta, janye ruwanta ake yi. Yau wa'adin fadamar su Tabawa ke cika.

Tun hantsi take tsugune cikin taɓo, ta saita wayarta kan wani zalɓe.

"Fito haka nan," in ji mijinta Gwadabe daga kwalekwale. "Na ƙarfe ne, cikin waɗanda hukuma ta saki. Har kifi suke kamawa."

"Malam, kamawa suke, ba sa haɗiyewa. Ko matsattsaku za su shanye jinina, ina nan."

Zalɓen ya cafko tarwaɗa, ya riƙe ta a baki, ya juyo yana kallon Tabawa.

Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

"Haɗiye mana, ɗan albarka. Gari guda ke jiranka."