Tseren Mushe Munkaila

Usur na tashi, Mushe Munkaila ya zabura. Saukarsa ke nan daga kabu-kabu, ko igiyar takalmi bai gama ɗaurewa ba.

Samarin da ke filin ƙwallon lakwal, wato makarantar ƙauyen Angwal Dage, cikin riguna ja da kore, suka kwasa tare da shi. Ya miƙe ya hau hanyar kudu, wadda ta ratsa Matankari ta faɗa Dogon Dutsi. Kafin ya fita gari ya daina jin takun kowa. Abin ya ba shi mamaki, amma bai waiwaya ba. Duk bidiyon da ya kalla sun ce waiwaye yana cin ƙarfi.

Daraktan wata firamare ne a Dutsi, shi ya sa ake ce masa Mushe, yadda ake kiran malaman boko a Nijar, shekara hamsin da biyu, ga tumbi. Bara yayansa ya yanke jiki ya faɗi a bakin shago, bai ƙara magana ba har aka binne shi. Likita ya auna Munkaila, ya ce nasa hawan jinin ma hanyar ya kama. A watan ne wani mai sayar da kayan ƙwallo, Luƙman, ya ce ƙungiyarsu za ta shirya maraton, kilomita arba'in da biyu. Munkaila ya je ya rubuta sunansa, aka ba shi lamba 214.

Wata bakwai yana kewaya cikin katangar lakwal bayan sallar asuba, kafin yara su zo. Faratansa biyu suka fita. Matarsa Hauwa ta ce ita dai kada ya gudu daga wata mutuwar ya faɗa wata. Da tseren ya rage kwana uku, ya kashe waya ya jefa cikin akwati, don kada masu hana shi su dame shi.

Wajen kilomita takwas ya fara jin haushin Luƙman. An ce za a jera teburan ruwa, ga shi ko guda babu. Ya ratse bakin wata rijiya, ya kafa kai cikin wasaki yana haki. Mai jan ruwan ya saki igiya yana kallonsa.

"Malam, su nawa na?"

"Sun fi ɗari biyu," in ji Munkaila. "Suna baya."

Ya ci gaba. Bai yi nisa ba ya fara jin taku, na mutum ɗaya, sai na biyar, sai ya kasa ƙirgawa. Sun kamo shi ke nan. Ya ƙara mai.

Daga nan hanyar ta yi rai. Kowane ƙauye ya doso, mata na kan darni suna ihu, yara na ta tsere a gefensa. Wata tsohuwa ta cusa masa goran fura, ta ce Allah shi tsare. Babura suka riƙa wuce shi da mutum hurhuɗu. A Matankari ya ga ana rufe shaguna, lasifikar masallaci tana ta sanarwa, sai dai bugun jini a kunnensa bai bar shi ya ji me ake cewa ba. Bai taɓa zaton mutanen Arewa suna girmama wasanni haka ba, har ƙwalla ta zo masa.

A kilomita talatin da uku ƙafafunsa suka ce sun gama. Cinyar dama ta ɗaure, bakinsa ya yi ɗaci, ya fara tunanin zama gindin wata aduwa. Nan ne wani dattijo ya zo kafaɗa da kafaɗa da shi, ba takalmi, ba lamba, ga ɗan akuya saɓe a wuya. Munkaila ya ga wulaƙancin ya yi yawa. Wata bakwai yana shan wuya, a ce mai ɗauke da akuya ne zai wuce shi? Ya cije, ya tuna yayansa kwance a tabarma, ya sake ɗibar hanya.

Da dutsen garin ya bayyana, tsakaninsa da dattijon bai fi taku goma ba, bayansu kuma ƙasa sai rawa take yi.

A mashigar gari an gitta motocin jandarma uku, jama'a sun yi cincirindo a bayansu. Munkaila ya ɗaga hannuwa biyu sama, ya ratsa tsakanin motocin, ya zube. Sa'a biyar da minti goma sha ɗaya. Yana kwance yana dariya, zuciyarsa na bugawa daidai, kamar ta saurayi.

Kumandan jandarman ya durƙusa a kansa. Ta bayansa Munkaila ya hango Luƙman cikin jallabiya, da burodi a hannu.

"Luƙman, ni na ɗaya. Ina lambar yabon?"

Luƙman ya dubi takardar da ke manne a ƙirjinsa, ya dubi kumandan. "Mushe, ai tun ran Alhamis munka ɗaga tseren sai bayan damina. Mun aika ma kowa saƙo."

Munkaila ya dafa ƙasa ya zauna. A karo na farko tun safe ya duba baya. Mutane ne har iyakar ganin ido, da tabarmi, da tukwane, da amalanken jakai, da jarirai a goye.

"To waɗannan fa?"

Dattijon ya sauke ɗan akuyarsa, ya dafa gwiwa har numfashi ya dawo masa, sannan ya nuna wa kumandan Munkaila.

"Ranka shi daɗe, shi za ku tambaya ko su wane na. Mu dai mun ga babban mutum kamar wanga shina gudu, yac ce sun fi ɗari biyu suna baya, shi na munka bar gidajenmu."