Rumbu Mai Ƙofa Biyu

Sagiru, ajiye wayar nan ka dube ni. Tun rasuwar ubanka nake maka tambaya ɗaya: muryarsa da ka ɗauka yana jinya, inda ya lissafa kakanninmu ya faɗi iyakokin gonakin gida, ina ka adana ta? Kullum amsarka, "Gwaggo, kwantar da hankalinki, wuri biyu take." Yau na ce nuna mini. Ka buɗe kwamfuta ka nuna mini suna biyu, kuma da bakinka ka ce duk fayil ɗaya suke buɗewa. Da na ɓata rai, ka ce ai har faifan ajiyar ka raba gida biyu, ka kwafa a ɗaya ɓangaren. Na ce faifan guda nawa ne? Ka ce ɗaya. Kai! Ni ban shiga aji ba, amma shekara arba'in ina ajiye iri. Saurara.

Wani manomi ya gaji irin gero a wurin ubansa, gero mai saurin nuna, wanda duk ƙauyen babu mai kamarsa. Matarsa ta ce ba a ajiye iri wuri ɗaya, ya gina rumbu na biyu. Shi kuwa ƙyuyar kwaɓa ƙasa ta hana shi. Sai ya ɗauki gatari ya huda wa rumbun nan ƙofa ta biyu daga yamma. Ya leƙa ta gabas, ga gero. Ya zagaya ya leƙa ta yamma, ga gero. Ya karkaɗe hannu, wai aiki ya ƙare. Ana nan, wata gwauruwa maƙwabciyarsu ta zo roƙon iri. Ya yi ta ƙunƙuni, da ƙyar ya zaro mata dami ɗaya ta ƙofar gabas, sannan ya zagaya yamma don ya ga wanda ba a taɓa ba ransa ya yi sanyi. Ya tarar nan ma ya ragu da dami ɗaya daidai. Ya saki baki, ya zargi ɓera, ya zargi ɓarawo. Matarsa ta ce, "Malam, ƙofa ka ƙara, ba hatsi ba." Ba wai ƙofar ba ta da amfani ba ne, ka ji. Ranar da rina suka yi gida a ta gabas, toshe ta ya yi da laka, ya ci gaba da ɗiba ta yamma, ko ƙwaya bai rasa ba. Muddin ƙofa ɗaya ta rage, kayanka na nan. Amma kayan nan dai ɗaya ne.

Da ya gane haka, kana tsammanin ya je ya kwaɓa ƙasar? Ina! Shiga ya yi cikin rumbun ya ja katanga a tsakiya, ya raba geron, rabi nan rabi can. Yanzu in ya ɗiba a wannan ɓangaren, wancan ba ya motsi. Ya fita dandali yana buga ƙirji, shi mai rumbu biyu. Bai duba ƙasa ya ga duwatsu ɗaya suke ɗauke da su ba, bai ɗaga kai ya ga jinka ɗaya ta rufe su ba. Rani ya yi tsakiya, wata rana da azahar ana ƙona kara a bayan gida don a sami toka, iska ta ɗauko tartsatsi ta ɗora a kan jinkar. Wuta ba ta tsaya tambayar ina gabas ina yamma ba. Kafin a jawo guga uku a rijiya, rumbu ya zama gawayi. Abin da ya rage a tsaye shi ne katangar tsakiyar, baƙa ƙirin, toka a damanta, toka a hagunta. Da ruwan shuka ya sauka, mutumin nan ya ɗauki ƙoƙo, kansa a sunkuye, ya tafi gidan gwauruwar da ya yi wa ƙunƙuni. Damin da ya bayar ransa ba ya so, shi kaɗai ya tsira, don shi kaɗai ya kwana ƙarƙashin wata jinkar.

To, shi ya sami inda zai kai ƙoƙo. Kai fa? In faifan nan ya mutu, gidan wa za ka je? Ranar da wani ya matsar da iyakar gona, makabarta za ka tafi ka ce Yaya ya maimaita? Gobe ka nemo wani faifan dabam, ka kwafa, ka kunna mini in ji muryar ɗan'uwana da kunnena, sannan ka kai gidan ƙanwarka a ajiye. Kar ka sake nuna mini suna biyu ka ce ajiya biyu ce. Hausawa sun gama magana: kama da wane ba ta wane.